Man Zaitun a Tukunyar Hajiya Kaltumi

Jama'a, ranar Talatar da ta wuce na riƙe hannun mahaifina a gaban mutane. Ba irin riƙon da ake yi wa dattijo don a tsallaka titi da shi ba. Damƙa na kai masa a wuyan hannu, cokali yana tsakanin kwano da bakinsa, a cikin gidan abinci cike da direbobi da 'yan kasuwar hatsi a Ɗambatta. Ni da ko gaisuwa na yi sai an ce in ɗaga murya. Har yanzu in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Amma ku yi haƙuri ku ji yadda aka yi kafin ku ce Tahira 'yar Malam ba ta da tarbiyya, domin akwai manya a cikin maganar, manya masu hatimi.

Babana Malam Khalilu malamin Islamiyya ne a ƙauyenmu da ke gefen Kunci. Jininsa bai haɗu da gyaɗa ba. Ba ƙyanƙyami ba ne, ba kuma tsirfa ba. Ko ɗan ɓurɓushin ƙuli ya shiga bakinsa, leɓensa zai kumbura, jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, maƙogwaro ya fara rufewa, numfashi ya riƙa fita da ƙyar yana ƙara. Likita ya ce sunan abin alaji. Mu borin jini muke cewa. Maƙwabcinmu Mati kuwa cewa yake yi abin al'ajabi ne da ya kamata a riƙa zuwa kallo.

"Yanzu Malam," in ji shi, kusan kowace kaka, yana ɓare gyaɗarsa a dakalin ƙofar gidanmu, "a ce mutum haifaffen ƙasar Kano, kakansa ya noma ta, ubansa ya noma ta, shi kuma ko ƙwaya ɗaya? Anya ba a asibiti aka musanya ka ba?"

"A ɗaki aka haife ni, Mati."

"To, ungozomar za a bincika."

Shekara ashirin da shida Inna tana gadin cikin Baba. A gidanmu manja da man shanu ake girki da su. Turminta ba ya fita aro, ludayinta ba ya kwana a gidan kowa, har mata suna yi mata laƙabi da marowaciyar turmi, ita kuwa ko a jikinta. Matsalar ba a gida take ba, a waje take. Baba ba ya iya mayar da abinci. A wurinsa, wanda ya miƙo maka kwano ya miƙo maka mutuncinsa ne, tambayar me aka zuba a ciki kuma kamar ka ce ba ka yarda da shi ba ne. Wannan kunyar ce ta kai shi asibiti ina aji huɗu na firamare, daga wurin cin abincin suna. Na ga fuskarsa ranar da aka ɗora shi a kan babur mutum biyu suna riƙe da shi. Ban gane shi ba sai da na ga hularsa.

To, ranar Talata Baba zai je Ɗambatta a gwada masa tabarau, aka ce in raka shi. Inna ta cika mana kwano da dambu, ta ja ni gefe ta ce, "Ki kula da ubanki. Kada ya sa komai a baki sai abin da na dafa." Na ce to. Lissafinmu kafin azahar mun dawo.

Ba mu yi lissafi da gidan mai ba. Motar da muka shiga ta ce sai ta sha, muka shiga layi tun hantsi. An ce man yana hanya. Wannan man, jama'a, tun ina ƙarama yake hanya, ban san irin nisan garinsu ba. Muna zaune fasinja suka fara hamma, sai Baba ya buɗe kwanon dambu ya ce bismillah ga kowa. Kwano ya zaga mota, ya leƙa ta taga wajen kwandasta, ya dawo wa Baba kamar an wanke. Loma biyu ya samu. Kafin a gama gwajin tabarau la'asar ta yi, na ga yunwa ta fara cin ƙarfinsa. Ya ce, "Tahira, nemo mana inda za mu ɗan taɓa wani abu."

A nan ne manyanmu suka shigo, Allah ya ƙara musu lafiya da faɗin ofis. Wataƙila kun ji a rediyo bara an kafa Kwamitin Kwanciyar Hankalin Ciki, ƙarƙashin Mai Girma Uban Tukwane. An kafa rumfuna, an yi kiɗa, an yanka jan ƙyalle, an yi jawabi cewa daga yau talaka ba zai ƙara cin abin da bai sani ba. Kowane gidan abinci za a rataya masa allo mai bayanin abin da ke cikin kowace tukunya. Ni na saurari jawabin nan har ƙarshe, har na rubuta wani sashe a bayan littafina. Na yi murna ƙwarai, domin ni mutum ce mai yarda da rubutu. In abu yana kan takarda, da hatimi a ƙasansa, zuciyata kwanciya take yi.

Shi ya sa na wuce rumfunan masu abinci uku, na tsaya a gidan abincin Hajiya Kaltumi, saboda daga bakin ƙofa na hango allon. Ga shi nan fes, kore da fari, an rubuta ALLON GASKIYAR TUKUNYA da manyan baƙaƙe. Na gyara tsayuwa na karanta shi daga sama har ƙasa, sau biyu. Garau-garau: shinkafa, wake, man zaitun, barkono, gishiri. Babu gyaɗa ko a layi ɗaya. Hatimi ɗaya, sa hannu uku. Na ce wa Baba, "Nan ne. An duba su." Har da ɗan alfaharina.

Muka zauna a ƙarshen benci. Na ce a ba Baba garau-garau, da muryar da sai da na maimaita sau biyu kafin a ji. Hajiya Kaltumi da kanta ta zubo, mace doguwa mai tsagen Barebari, ana jin muryarta tun daga tasha. Ta kalli rawanin Baba da carbinsa, sai ta koma ta ƙaro ludayin mai, ta barbaɗa yaji har sai da shinkafar ta ɓace.

"Malam, ga gyara. A sa mu a addu'a."

"Allah ya yi albarka," in ji Baba.

Kun san gyara ba a mayar da ita. Ita ce alherin mai sayarwa, kuma in malami ne ninkawa ake yi. Kwanon yana sauka wani ƙamshi ya bugi hancina. Wanda ya tashi a gidan da ake girki da man gyaɗa ba ya jin sa, amma ni ban tashi a irin gidan ba. Ƙamshin da ke tsallako katangarmu ne duk ranar da matar Mati take suyar ƙuli, ranar da Inna take rufe taga.

Na kalli allo, allo ya ce zaitun. Na shaƙi kwano, kwano ya ce ƙarya ne. Na buɗe baki in yi magana, harshena ya ƙi tashi. Maza sun fi ashirin a wurin, ga mai abinci tsaye tana jiran a yaba. Baba ya yi bismillah, ya cika cokali, ya ɗaga. Ban san lokacin da hannuna ya tafi ba.

Wurin ya yi tsit, har rediyon da ke kan kanta sai da na ji kamar ya rage murya.

"Tahira," in ji Baba, a hankali. "Sakar min hannu."

"Baba, ka ajiye tukuna."

"Mutane suna kallo."

"Ka ajiye, don Allah."

Ya ajiye. Bai kalle ni ba, ya kafa wa tebur ido. Hajiya Kaltumi ta riƙe ƙugu.

"Ke 'yar nan, me kika gani a abincina? Ƙuda ko gashi? Faɗi a gaban kowa, shekarata ashirin a wurin nan."

"Ba komai, Hajiya. Da... da wane mai aka yi?"

"Ji wata tambaya! Da wane mai ake garau-garau? Man gyaɗa mana, na Asiya mai ƙuli, jiya-jiya aka matse shi. Yajin ma da ƙuli na daka, shi ya sa direbobi ba sa wuce ni."

"Amma allo ya ce man zaitun ne."

"Wane allo?" Ta waiwaya ta bi yatsana da kallo. "Au, abin da ya ce ke nan? Ni ai na ɗauka lambar yabo ce suka ba ni. Man zaitun kuma? Wanda ake tofi a ciki a shafa wa mai ciwon baya? Shi zan zuba wa wake?"

Aka kwashe da dariya. Ni kuwa da na ga an riga an gan ni, sai maganar ta ɓalle. Na ce gyaɗa tana toshe wa Baba numfashi, na ce an taɓa kai shi asibiti ranga-ranga, na ce daga nan zuwa inda za a yi masa allura ban san ko zai kai ba.

Nan take likitoci suka bayyana, kun san ba a rasa su a gidan abinci. Wani direba ya ce sammu ne, ya san mai karya shi a wajen Tofa. Wani ɗan kasuwa ya ce a riƙa ba Malam ƙwaya ɗaya kullum har jikinsa ya saba, haka ya yi wa ragonsa da dusa. Wani dattijo ya ce su a zamaninsu ba a san wannan ba, ciwon 'yan boko ne.

Sai wani mutum ya taso daga lungu yana goge baki, da farar shadda da alƙalami uku a aljihu. Ya ce sunansa Abdulrashid, shi ne Sakataren Allo na wannan shiyya. Ashe kullum a nan yake cin abinci, wai yana bincike.

"Yarinya, ki iya bakinki. Allon nan masana ne suka zauna a otal a birni kwana uku suka tsara shi. Iri ɗaya aka buga wa kowa, daga mai tuwo har mai shayi, don kada a ce an fifita wani."

"To ranka ya daɗe, ai ba abin da ke cikin tukunyar ke nan ba."

"Wannan kuma laifin tukunya ne. Allo ba ya kuskure, an ƙaddamar da shi. In aka samu saɓani tsakanin allo da tukunya, tukunya ce ta karya doka." Ya juya wajen mai abinci. "Hajiya, ashe ba kya bin allo?"

"Abdulrashid," in ji ta, "wata shida kana cin waken nan, har da neman ƙari. Bakinka bai gaya maka ba zaitun ba ne?"

"Ni allo aka ba ni. Ɗanɗano wani ofishin ne, ba a naɗa mai shi ba tukuna."

Ku ji fa. Ina roƙon masu karatu kada su yi wa bawan Allah nan dariya, domin ya fi mu sanin aiki. Mu talakawa mun ɗauka ana leƙa tukunya ne sannan a rubuta abin da aka gani. Ashe a tsarin manya rubutawa ake fara yi, sai tukunya ta yi ƙoƙari ta kamo. Haka aka yi mana da rijiyar burtsatse: allonta ya shekara huɗu a bakin hanya yana cewa an kammala, ruwan ne dai har yau bai bi doka ba.

Hajiya Kaltumi ba ta ƙara bi ta kansa ba. Ta kama hannuna, ta ce, "Zo nan. Da kin tambaye ni tun farko, ai ni nake girkin, ba bango ba." Ta ja ni har madafa, wurin da ta ce ko 'yan kwamitin ba su taɓa shiga ba saboda hayaƙi yana ɓata shadda.

Ta riƙa buɗe tukwane tana faɗa min. Miyar taushe, da gyaɗa. Miyar kuka babu, da manja ta yi, amma ludayi ɗaya ne yake yawo tsakaninta da taushen tun safe. Naman da man gyaɗa aka soya. Ƙosan da ya rage na safe, haka. Na ce ko fura? Ta ce a turmin yaji aka daka ta. Ta tsaya tana kallon madafarta kamar yau ta fara ganinta.

"Oh ni Kaltumi. Ashe duk gidan nan babu abin da ubanki zai ci ya kwana lafiya. Kuma da hannuna na ƙara masa." Ta dafa ƙirji. "Da yanzu ana cewa malami ya faɗi a kan bencina."

Ta ɗauko wata 'yar tukunya daga saman kanta, ta wanke da sabulu, ta ɗauraye, ta sake wankewa, ta ce in duba da idona. Ta wanke hannunta har gwiwa. Ta fasa sabon ƙullin taliya, ta yanka albasa da tumatur a kan murfin kwano maimakon katakonta na kullum, ta zuba manja daga kwalba, ta dafa ƙwai biyu da ɓawonsu. Duk abin da za ta jefa sai ta ɗaga ta nuna min, "Wannan fa?" In ce babu komai, sannan ta saka. Cokali ma sabo ta ciro daga leda.

Da ta juye a kwano sai na ga hannunta ya nufi gwangwanin yaji da kansa. Ta janye shi. Ya sake tafiya. Ta buge shi da ɗaya hannun.

"Wallahi 'yar nan, ban taɓa miƙa wa mutum kwano ba gyara ba. Ji nake kamar na yi sata."

"Hajiya, rashin gyarar shi ne gyarar."

"Ke dai kawo kwanon can, ke ki ci." Ta antaya min yajin gyara, nawa da na Baba, a kan garau-garau ɗin da Baba ya fasa ci, har sai da idona ya yi ruwa.

Ita ta kai wa Baba da kanta, ta durƙusa ta ajiye. "Malam, ka yafe ni. Amma kai ma da laifinka. Mutum yana da irin wannan lalura ya zauna shiru? Mai ciwon suga yana faɗa, mai hawan jini yana cewa a rage gishiri, ba wanda ya taɓa jin haushinsu. Ni da ka tambaye ni ai girmama ni ka yi."

Baba ya ce, "Haka ne, Hajiya." Ya ci taliyarsa tas. Ni kuwa ina ci ina satar kallon leɓensa, ina sauraren numfashinsa, har muka kai tasha. Lafiya lau.

A mota bai yi min magana ba. Na zauna a takure ina tsara yadda zan ba da haƙuri, in tsara in rushe. Mun yi nisa, gonakin dawa suna wucewa, sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ashe hannunki da ƙarfi haka."

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Ranar da aka kai ni asibiti, kina ina?"

"Ina bayan ƙyauren zaure."

"Kin gani?"

"Na gani."

Ya daɗe yana jan carbi. "Ban san kin gani ba," in ji shi.

Ranar Juma'a aka yi walimar saukar karatu a gidan liman. Ni da Inna ba mu je ba, amma Mati ya kawo mana rahoto har tsakar gidanmu, yana yi yana tafa hannu. Wai an ajiye wa Baba faranti a gaban manyan gari, kowa ya yi bismillah, sai Baba ya ɗaga hannu ya ce, da muryar da yake jan baƙi da ita, "A tambayo min masu girki, da wane mai aka yi, kuma me aka daka a yajin." Wai liman ya ce, "Malam, a gidana?" Baba ya ce, "A gidanka, Liman. Na fi so in ɓata maka rai da tambaya da in ɓata maka walima da jana'iza." Aka aika ciki, amsa ta dawo: man gyaɗa ne. Aka dafa masa ƙwai da dankali, ya ci a tsakiyarsu yana hira.

Inna tana tankaɗe ta ji wannan. Ta ajiye rariya, ta ce, "Shekara ashirin da shida ina roƙon bawan Allah nan ya buɗe baki." Ta kalle ni. "Me kika yi masa a Ɗambatta?" Na ce tabarau kawai aka gwada masa.

Saboda haka ga 'yar shawarata ga duk mai irin lalurar gidanmu, in an yarda ƙaramar yarinya ta ba da shawara. In kun shiga gidan abinci, ku gai da allo da ladabi, domin an kashe masa kwana uku a otal. Sannan ku wuce shi ku nemi wadda hayaƙi ya sa wa jan ido, ku tambaye ta mai, ku tambaye ta yaji, ku tambaye ta ludayi da turmi. Ku faɗa da ƙarfi tun kafin a zubo, kada ku jira sai cokali ya tashi kamar wasu.

Kwamiti kuma, an ce labari ya kai musu, kuma sun ɗauki mataki nan da nan. Za a sake zama a otal, a fito da sabon allo. Mati ya ji a tasha cewa wannan karon saboda waɗanda ba su yi boko ba har hotuna za a sa: hoton Mai Girma Uban Tukwane a dama, hoton gyaɗa a hagu, sai a ja jan layi a kan wanda ake so jama'a su yi hattara da shi. Ina yi wa mai buga allon addu'a Allah ya sa kada hannunsa ya karkace.